Naman sa a tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali, ba tare da alkama ba: wane ganye zan sa?

Uwar Biyu, Garwa:

Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar wa yarinyata cutar siliyak, an hana ta duk abin da ke da gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama da danginta. Akwai tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda 'yan kasuwa ke kira mijotez, mai cin lita 5. Ina so in dafa dunƙulen naman sa guda, kamar kilo ɗaya da rabi, ya yi laushi har da romo mai kauri. Wane ɓangaren sa zan nema? Da me zan kaurara romon tunda fulawa ta haramta? Sannan ganyayen ƙamshi, wanne ke tafiya da wane nama? Wanda na gwada ya fito da ɗaci, ruwa kuma tsululu.

Mahauci, Marwa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Ni ɓangaren nama zan taɓa.

Kada ki bari a yanka miki tsoka zalla ta cinya ko ta gadon baya don kawai ta fi kyan gani. Wannan tukunya ba tata ba ce. Tsokar da ba jijiya ba kitse, in ta yi awa 8 a wuta, ruwanta ke fita ta koma kamar igiya, kina tauna tana tauna ki. Abin da za ki nema shi ne inda sa ke aiki da shi: kafaɗa, wuya, ƙirji, ko ƙwauri. In mahaucin da Faransanci yake ciniki, ki ce masa paleron, collier ko jarret. Farar jijiyar nan da ke ratsa su ita ce sirrin. Zafi kaɗan na tsawon lokaci yana narkar da ita ta zama danƙo, danƙon ne ke sa nama ya yi santsi a baki, romo kuma ya kama leɓe.

Shanunmu na kiwo ne, sun sha tafiya, ba su da kitse a cikin tsoka kamar na Turai. Don haka in takardar tukunya ta ce awa 7, ki ƙara ɗaya ko biyu. Gudalin Adamawa ya fi jan san Mbororo cika da kitse, in kin samu shi ki ɗauka. In kuwa naman ya yi rama da yawa, ki sa a yanko miki tozo kamar giram 200 ki ɗora a samansa, kitsen zai riƙa gangarowa. A bar naman dunƙule ɗaya ko a raba biyu, kada a yi gunduwa-gunduwa. Kuma da zafin Garwa na Maris da Afrilu, daga kasuwa sai gida, kada ya yini a leda.

Kanwa da ɗanyen gwanda, a ajiye su. Aikin gaggawa suke yi. A doguwar dafuwa kanwa tana baƙanta nama ta ba shi ɗanɗanon sabulu, gwanda kuma tana mai da samansa kamar fate.

Inna Mai Girki, Ngaundere:

Malam mahauci ya gama magana kan nama. 'Yar'uwa, ga yadda za ki yi da kilo ɗaya da rabi na kafaɗa.

Ki tsane naman da ƙyalle mai tsabta har ya bushe, ki shafe shi da gishiri ƙaramin cokali 2 da dakakken masoro ƙaramin cokali 1. In da firji, a yi haka tun dare. Ki ɗora kasko mai kauri, man gyaɗa babban cokali 2, ya yi zafi sosai, sai ki soya kowane gefe minti 3 zuwa 4 ba tare da kina jujjuya shi ba, har ya yi ja mai duhu. Girke-girken Turawa da yawa suna cewa a barbaɗa fulawa kafin suya. Ki tsallake wannan, ba abin da za ki rasa. Busasshen nama da kasko mai zafi su ke kawo launi, ba fulawa ba. Jiƙaƙƙen nama kuwa dahuwa zai yi a kaskon, ya fito fari fat.

Ki ɗauke naman, a cikin wannan man ki soya manyan albasa 2, in sun yi laushi ki zuba tafarnuwa ƙwaya 6, ɗanyar citta kamar babban yatsa, tumatirin gwangwani babban cokali 1, da dakakkiyar daddawa babban cokali 1. Minti 2 ya isa. Ki zuba ruwa kofi ɗaya, wato mililita 250, ki kankare duk abin da ya kama gindin kasko, nan ɗanɗanon yake.

Kofi ɗaya na ce. Nan kuskurenki yake. Tukunyar gawayi tana ƙone ruwa, wannan ba ta yi: tururi ya bugi murfi ya koma ciki, ga nama da albasa suna sakin nasu. In kika rufe naman da ruwa kamar farfesu, a ƙarshe za ki tarar da tafki marar ɗanɗano. Ruwan kada ya wuce sulusin tsayin naman.

Jeri kuma yana da tsari. Karas 4 da dankalin turawa kamar giram 600, a yanka manya-manya, su ne a ƙasa, domin a wannan tukunyar sun fi nama jinkirin nuna kuma zafin daga ƙasa da gefe yake fitowa. Nama a kansu, sai ki juye abin kaskon. Tukunyar ta cika rabi zuwa kashi biyu cikin uku, kada ta wuce. Ƙaramar wuta awa 8 zuwa 9, babbar wuta awa 5 zuwa 6, amma ƙaramar ta fi ba da laushi. Kada ki riƙa leƙawa, duk buɗe murfi yana jawo miki kusan minti 20. Alamar nuna: ki soka cokali mai yatsu ki murɗa, in ya juya ba gardama ya yi. In ya yi tauri a awa 7, ba wuce wuri ya yi ba, bai kai ba ne, jijiyar ba ta gama narkewa ba. Mutane da yawa a nan suke sauke shi su ce tukunya ba ta da kyau.

Kaurin romo: ki cire nama ki rufe shi ya huta minti 15, ki kwashe man da ya taso, ki juye romon a ƙaramar tukunya a kan wuta. Ki dama sitacin masara, irin Maïzena, babban cokali ɗaya da rabi da ruwan sanyi cokali 3, ki zuba kina juyawa, ya tafasa minti 2. Da ruwan sanyi, in ba haka ba gudaji zai yi. Kuma a ƙarshe, don in ya yi awanni a wuta kaurin sakewa yake. Sitacin rogo ma yana yi, sai dai yana ɗan yauƙi, ki rage shi. Wanda ba ya son sitaci sam ya murƙushe dankali biyu daga cikin tukunyar a romon. Yanka naman kuwa, a gicciye da zaren tsoka.

Malamar Abinci, Njamena:

Hajiya, girkin Inna daidai ne. Abin da nake so ki riƙe shi ne nama kansa ba ya ɗauke da gulutin ko kaɗan. Gulutin furotin ne da ke cikin alkama, sha'ir da hatsin da Faransawa ke kira seigle. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da doya duk ba su da shi. Ta hannun kayan haɗi yake shigowa tukunya.

Na farko dunƙulen magi da garin ɗanɗano na leda. Wasu ana sa musu garin alkama ko sitacinta, wasu ba a sawa, kuma kamfani ɗaya na iya bambanta daga wannan nau'i zuwa wancan. Sai an karanta kwalin. Kalmomin da za ki nema: blé, farine de blé, amidon de blé, orge, malt, seigle. Ƙwaya ɗaya-ɗaya da ake saye a tebur ba ta da cikakken rubutu, ki nemi babban kwalin. In kin ga glutamate kada ki firgita, sunan ne ya yi kama, ba gulutin ba ne. Shi ya sa daddawar da Inna ta sa ta yi mini daidai, kalwa ce kawai, kuma tana ba da zurfin da ake nema a magi.

Baƙin ruwan waken soya na kwalba, wato sauce soja, da alkama ake haɗa yawancinsa. Lemon malta da wasu ke zubawa don nama ya yi duhu da zaƙi, sha'ir ne. In tsami ake so, jiƙaƙƙiyar tsamiya babban cokali 1 ta wadatar. Yajin da aka riga aka daka a kasuwa ba ki san me aka ƙara masa don auki ba, gara ki sayi kayan ɗanye ki daka a gida.

Sai gurɓata ta kayan aiki, wadda ta fi wuyar gani. Ƙa'idar duniya ta abincin da ake rubuta wa sans gluten ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya, kin ga ɗan burbushi ma ya isa ya ƙetare ta. Injin niƙan unguwa da ya niƙa alkama kafin masararki, rariyar da aka tankaɗe fulawa, muciyar da ta juya taliya, man da aka soya fanke a ciki, katakon da aka yanka burodi. A ware wa yarinyar nata. Zafin tukunya ba ya kashe gulutin, ba ƙwayar cuta ba ce.

Abin ci da shi: tuwon shinkafa, tuwon dawa, ko kuskus ɗinku na Kamaru wanda tuwon masara ne, duk lafiya. Kuskus na leda mai tsaki-tsaki kuwa alkama ce zalla. Suna ɗaya, sai a yi hattara in za a aiki yaro.

Inna Mai Girki, Ngaundere:

Na manta ganye, wanda shi ne tushen ɗacin. Ƙa'ida ɗaya ce: mai tauri da farko, mai laushi a ƙarshe.

Ga wannan naman: ganyen loriye (bay leaf) 2, tayim (thyme) reshe 4 ko busasshe ƙaramin cokali 1, kimba 1, kanumfari 2. Busasshen ganye ya ninka ɗanye ƙarfi kamar sau uku, a auna da haka. Kimba ki fasa ta ki zubar da 'ya'yan, su ne masu ɗaci, ɓawon ke da ƙamshi. Kanumfari in ya wuce uku ya ƙwace tukunyar duka. Romarin kuma, wato rosemary, in da shi kika yi amfani, ina zargin shi ne ya ɓata miki: awa 8 a rufe yana sa shi ɗaci da warin magani. Ƙaramin reshe ɗaya a awar ƙarshe, sannan a cire. Fasili, ganyen seleri, ɗoɗɗoya da na'ana'a bayan an kashe wuta ake sa su, in ba haka ba su yi baƙi ƙamshin ya gudu. Tafarnuwa ma tana dusashewa, ki ajiye ƙwaya ɗaya ki goga a romo lokacin kaurarawa.

Sauran nama a taƙaice. Rago yana son tafarnuwa, romarin, da na'ana'a a ƙarshe. Akuya, musamman bunsuru, citta da kimba da ɗoɗɗoya ke kashe ƙarninta. Kaza da zabo ba sa ɗaukar ƙamshi mai nauyi, tayim, sitronel (lemongrass) da ɗan kurkum sun ishe su, kuma awa 4 zuwa 5 a ƙaramar wuta, kazar gida ta ɗan fi haka. Njansan da pebe, kayan ƙamshin kudancin Kamaru, sun fi dacewa da kifi da kaza. Farin masoron Penja, wani gari a kudancin Kamaru, yana tafiya da komai, amma asara ce a jefa shi tun farko, a daka shi a kan faranti.

Malamar Abinci, Njamena:

Inna, a kan rago zan ɗan saɓa miki. A nan kamun (cumin) da kusbara (coriander) da ɗan kirfa muke sa masa, haka naman raƙumi, kuma sun fi romarin jure doguwar wuta nesa ba kusa ba. A ɗan gasa 'ya'yan a busasshen kasko minti ɗaya kafin a daka, ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya ga kilo.

Mai Gyaran Lantarki, Kusuri:

Ba wanda ya yi maganar wuta. Hajiya, ki juya tukunyar ki duba gindinta. In an rubuta 110 ko 120, ta Amurka ce, wutarmu 220 ce, sai da taransifoma ko ta ƙone nan take. Cinta kaɗan ne, yawanci wat 200 zuwa 300.

In ta hannu ce, a gwada ta tukuna: ruwa zuwa rabi, ƙaramar wuta awa 8, a auna, ya kai digiri 85. Ƙasa da haka ba ta da aminci ga nama. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, shi ya sa ba a sa daskararren nama daga firiza, zai daɗe a wannan tsakanin kafin ya yi zafi.

In an ɗauke wuta kina gida, ki juye komai a tukunyar dalma mai kauri, ki ɗora a gawayin da aka lulluɓe da toka, ya riƙa ɗan motsi kawai, ki ƙara ruwa kofi ɗaya don ita tana ƙonewa. Kada a ɗora kwanon tangaran na cikin tukunyar lantarkin a kan garwashi, tsagewa zai yi. In kuwa kin fita kin dawo kin tarar ya huce, ba ki san tun yaushe ba, naman bai nuna ba, wannan ba na ci ba ne, ko an sake tafasa shi. Don haka ranar da za ki yini a gida za ki fara gwadawa.

Uwar Biyu, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Romarin reshe uku na sa da ruwa lita guda, kun gano ni. Inna, in na sa dankalin Hausa maimakon na turawa, shi ma a ƙasa?

Inna Mai Girki, Ngaundere:

A'a, shi narkewa zai yi. Ki yanka shi manya ki jera a saman naman saura awa 3, ki mayar da murfi da sauri.