Masu saƙar kwarashi ku taimaka, fallayen bargona sun ƙi zuwa daidai

Maman Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata ce cikinta ya tsufa haihuwa yau ko gobe, kuma a Jos take aure kun dai san sanyin garin nan, shine nace bari in saƙa mata bargon jariri irin na falle-falle masu kusurwa huɗu da ake haɗewa daga baya. Falle 30 nake so, biyar a faɗi shida a tsawo, yanzu nayi 19. Jiya da daddare na shimfiɗa su a gado in ga yadda kalolin za su zauna, wallahi sai da jikina yayi sanyi. Na farkon ƙanana ne sun ɗaure tamau kamar faifai, na baya kuma sun ɗara su da kusan yatsa biyu, wasu har sun karkace kamar an murɗa su. Zare ɗaya ne fa, ulun roba da na siyo a kasuwar Sabon Gari, kwarashi mai lamba 4. In warware ne ko akwai dabara? So nake in tafi da shi suna.

Hajiya Mai Saƙa:
Wa alaikumus salam ƴata. Kar ki warware komai. Hannunki ne ya saki, duk mai koyo da farko yana damƙe zare don tsoro, in ya saba sai ya sassauta bai ma sani ba. Ki yanka kwali daidai girman falle mafi girma ya zama ma'auninki. Wanda ya gaza sosai ki ƙara masa zagaye ɗaya na gajeren ɗauri (irin ɗaurin saƙar nan marar tsawo), wanda ya gaza kaɗan ki kafe shi da fil a kan katifa ki ja shi ya kai kwalin sannan ki bashi tururin dutsen guga. Amma ki ji ni da kyau, kar dutsen guga ya taɓa zaren nan, roba ce, narkewa yake ya kwanta yana sheƙi kuma baya dawowa. Ki riƙe shi sama kaɗan tururin kawai ya shiga, ki barshi ya huce kafin ki cire fil ɗin. Ni na taɓa ƙona shawul guda haka ana gobe biki, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ƴar Zariya:
Maganar karkacewa kuma anti, saboda gefe ɗaya kike ta zagayawa ne. Duk zagayen da kika gama ki juya fallen ki saƙa ta bayansa, zai miƙe. Ki duba kusurwoyinki ma, dogon ɗauri 3, sarƙa 2, dogon ɗauri 3 duk a rami ɗaya, in kika manta ɗaya sai ya tattare kamar kwano. Sannan zaren da ya rage zai isa 11 ɗin? In za ki ƙaro ki tafi da takardar jikinsa, akwai lambar rini a kai, kala ɗaya ne amma in lambar ta bambanta a rana za ki ga banbanci.

Ummu Yara:
Tunda na jariri ne dan Allah kar ramukan suyi faɗi, yatsunsu na maƙalewa. Saƙa mai raga-raga ki barta sai in gyale za kiyi, shi da zaren auduga siriri da kwarashi babba yafi zubowa a kafaɗa kuma baya riƙe zafi. Jelar zaren kuma ki cusa ta ciki da allura sosai, kar ki ƙulle ki yanke a gindi, wankin farko zai kwance.

Maman Biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya na gwada tururin a guda uku da safen nan sun kai kwalin cif. Takardar zaren kam na yar, sai dai in ɗauki falle ɗaya in tafi da shi kasuwar gobe in Allah ya kaimu.