Wai me ke jawo haɗarin tirela da tanka ne haka a hanyoyinmu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya muna dawowa daga Kaduna, kafin mu shiga Zariya muka tarar da wata tirela ta kife a gefen titi, buhunan masara ko'ina, ga takalman mutane a warwatse, ashe har da fasinja ta ɗora a saman kayan. Wallahi har yanzu abin bai bar idona ba. Duk wanda ka tambaya sai ya ce birki ne ya tsinke. To wai birkin nan kullum shi ke tsinkewa? Don Allah masu sanin harkar ku fahimtar da ni.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na fi shekara ashirin ina jan DAF kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in faɗa miki gaskiya ko da 'yan uwana za su ji haushi. Birki ba ya tsinkewa haka kawai, mu ke kashe shi. Birkin babbar mota da iska yake aiki, in kana gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo da lodi ya kamata tun daga sama ka sa mata babbar giya, wato giyar ƙasa mai jan nauyi, injin ya riƙe ta, amma sai yaro ya sake ta a firi wai yana tsimin gas don ya samu na sayarwa, ya dinga taka birki yana saki yana takawa har iskar ta ragu, ko kuma birkin ya yi zafi ka ji ƙauri na tashi kamar ana ƙona roba, to daga nan ko tsaye ka miƙe a kansa ba zai kama ba. In an tambaya sai a ce ya tsinke.

Na biyu barci. Daga Legas zuwa Kano mai mota na ta kiranka a waya kana ina kana ina, kuɗin hanyar da ya ba ka ma bai isa ba, in ka yi tirif da yawa ne kake samu. Sai mutum ya kwana biyu bai runtsa ba, goro, shayi mai kauri, wasu har ƙwaya. Ni kaina na taɓa farkawa na ga ƙafar motata ta gaba tana cin ƙasa a gefen kwalta wajen ƙarfe uku na dare, ban san lokacin da ido ya rufe ba, Allah ne kawai ya kiyaye. Wani kuma in barcin ya ci ƙarfinsa maimakon ya faka a Tafa ko Mararrabar Jos sai ya miƙa wa karen mota sitiyari, yaron da ko lasin ba shi da shi.

Bakanike Sabon Gari:
Baba ka faɗi gaskiya, amma a riƙa tuna masu motocin ma. Sau nawa zan ce wa mai mota a canja taya ya ce a lallaɓa ta je ta dawo. Taya tana da ranar da aka yi ta, lamba huɗu ce a jikinta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, amma wa ke dubawa, sai a sayo kwance a ɗaura a gaba. Tayar gaba ta fashe da lodi ai sai dai addu'a. Sannan tanka, man da ke cikinta motsi yake, in ka sha kwana da gudu duk nauyin gefe ɗaya yake komawa. Ai shi ya sa gwamnati ta hana tankoki masu lita 60,000 lodi tun watan Maris na 2025. Dokar Road Safety ma gudun tanka da tirela kar ya wuce kilomita 60 a babban titi, yanzu ku faɗa min wa ya taɓa ganin wadda ke bin wannan.

Ɗan Taura:
Ni dai abin da zan ƙara, faɗuwar motar daban, yawan mutuwar daban. A Majiya nan jiharmu ta Jigawa, Oktoban 2024, tankar ta faɗi ne mutane suka fito da jarkoki da bokitai ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Ba a yi wata huɗu ba aka sake irinsa a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Talauci ne na sani, amma don Allah in kun ga tanka a kwance ku yi nesa.

Tsohon Direba:
Haka ne ɗana. Ku ma masu ƙananan motoci kuna da naku, mutum ya sha gabanka ya taka birki don zai ɗauki fasinja, yana zaton tirela mai tan talatin za ta tsaya kamar Golf. Ga ramuka, kana kauce wa wannan ka faɗa wancan.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganar shan gaban nan kam sai na karanta wa maigidan, don shi ma halinsa ne.