An buga mu a jarida, bakinmu a ɗaure

Likitar yara: Assalamu alaikum abokan aiki. Makonni uku ke nan ban yi barcin kirki ba. An kawo mana wani yaro cikin dare ya riga ya galabaita, numfashi sama-sama. Mun fi minti arba'in a kansa, Allah bai yi ba. Bayan kwana biyu ƙanwata ta turo mini labari da kanu kamar haka: sakacin likita ya yi ajalin yaro. Wai an bar shi kwance ina latsa waya. Lallai an gan ni da waya a hannu, amma lissafin magani nake yi daidai nauyin jikinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da bakin magana. In na ce zan wanke kaina, dole in faɗi ciwon yaron da kwanakin da ya yi a gida kafin a kawo shi, wannan kuwa sirrin majinyaci ne. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, yaya ya yi?

Likitan tiyata: Wa alaikumus salam. Sannu Dakta, Allah ya jiƙan yaron. Ni ma ya taɓa faruwa da ni, an kai shekara goma. Ɗan jarida ya tare ni na fito daga tiyata, ko hular ban cire ba, na ce masa kowane aiki yana da hatsarinsa, mun yi iya ƙoƙarinmu. Washegari rabin farko kawai ya fito, kamar ina ɗaga kafaɗa. Tun daga ranar ba na magana da 'yan jarida a tsaye. A rubuto tambaya, a bi ta ofishin hulɗa da jama'a na asibiti, in amsa a rubuce. Abin da ya cece ni gaban kwamitin bincike kuwa fayil ɗin majinyacin ne, domin na rubuta komai da lokacinsa, har mintin da na nemi jini da mintin da ya iso. Yau ɗin nan ki zauna ki rubuta duk abin da kika tuna a takarda daban, ki sa kwanan wata. Fayil ɗin kansa kada ki ƙara masa ko wasali.

Likita mai neman ƙwarewa: Ranka ya daɗe, ni ba a buga ni ba, amma saura ƙiris. Na yi awa talatin a asibiti, na rubuta wa wata mata magani ninki goma, sifili ɗaya ne ya ƙaru. Wata nas ce ta dawo mini da takardar, ta ce a hankali, "Dakta, duba nan." Da ya wuce, sunana za a buga, ba wanda zai ambaci awa talatin. Tun 1997 wani bincike a Ostareliya ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa na raguwa kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Amurka ta ƙayyade wa masu neman ƙwarewa awa 80 a mako a 2003, a Tarayyar Turai kuwa iyakar awa 48 ce. Mu a inda nake, jadawali ne kawai ke da iyaka, aikin ba shi da ita.

Likitan ƙwaƙwalwa: Dakta, rashin barcin nan ya fi damuna fiye da jaridar. Mu likitoci mun iya tura kowa asibiti ban da kanmu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ƙonewar da aiki ke yi wa mutum da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ƙwazo ya ragu. Kafin nan, a 2017, an ƙara wa rantsuwar Janeba, wato rantsuwar kama aikin likita, alkawarin cewa likita zai kula da lafiyar kansa. Kuma kin san labarin Dakta Lorna Breen, likitar sashen gaggawa a Niyok, wadda ta kashe kanta a Afrilun 2020 tana fargabar neman taimako zai ja mata rasa lasisinta. Ki samu wanda za ki faɗa wa komai a wannan makon. Ki kuma daina karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin labarin, na san kina yi.

Likitar mata: Mijina ɗan jarida ne, don haka bari in ɗan kare su. Sau da yawa ba wanda ya rubuta labari ke sa masa kanu ba, edita ne. Kuma in asibiti ya yi gum, da maganar dangi kaɗai za a tafi. Ƙungiyarmu ta likitoci ta taɓa rubuta ƙorafi a madadina, aka buga gyara. Layi uku ne a can ƙasan shafi, amma na yanke na ajiye.

Likitar yara: Na gode ƙwarai. Na rubuta shafi huɗu, na miƙa wa lauyan ƙungiya. Maganar karanta sharhin mutane kuwa, an kama ni. Ranar Laraba zan ga wani abokin aikinmu a sashen ƙwaƙwalwa. Gobe ina da aikin dare, a ɗakin da yaron ya rasu.