Neman shawara: hotunan walima 430, duk bango ya yi ciki

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum 'yan uwa masu hoto. Ranar Asabar na ɗauki walimar saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya da ke Pantami, nan Gombe. Ajin ƙarami ne, ba wurin ja da baya, sai na bar gilashin kyamarar nan na 18-55 da ke zuwa da Canon a kan 18, wato inda ya fi ɗauko faɗin wuri, kusan duk yinin. Da na zuba hotunan a kwamfuta sai na ga ƙofa da taga sun yi ciki kamar randa, bakin tabarmar da ɗalibai suka zauna a kai ma ya tanƙware. Hoto 430 ne. Na zauna bayan azahar ina gyarawa ɗaya-ɗaya a Photoshop, har aka kira la'asar goma kawai na yi. Shugaban makaranta kuma yana son albam kafin Juma'a. Don Allah akwai yadda zan gyara su a tashi ɗaya?

Baban Khalifa, Tumfure: Wa alaikumus salam. RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, ko JPEG da ta riga ta matse? Kuma daga kati ka kwashe su?

Ɗan Bolari: RAW ne, daga katina. Sai dai akwai kamar 60 da ƙanwata ta ɗauka a ɓangaren mata da ɗaya kyamarar, ta turo min ta WhatsApp.

Baban Khalifa, Tumfure: To ka huta, ƙanena, aikin minti biyar ne. Kumburin nan halin gilashin ne idan aka buɗe shi zuwa 18, ba laifin hannunka ba. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin kyamara da gilashin da aka ɗauke shi da shi, har da tsawon da ka zuƙo, abin da ake kira EXIF. Lightroom kuma, manhajar gyaran hoto ta Adobe, yana da ma'aunin lanƙwasar gilasai da yawa a ajiye, naka yana ciki.

Ka shigar da su Lightroom Classic, ka buɗe guda ɗaya a Develop, ka gangara zuwa Lens Corrections, ka sa alama a Enable Profile Corrections. Za ka ga bangon ya miƙe a gaban idonka. Daga nan ka danna Ctrl da A don zaɓar duka, ka taɓa Sync. A nan mutane ke yin ɓarna: akwatin da zai fito, ka fara danna Check None, sannan ka zaɓi Lens Corrections kaɗai. In ba haka ba hasken hoton farko da yankansa za su bi sauran duka, na cikin aji da na tsakar gida su zama abu guda. Kuma ka bar Setup a kan Auto, kada ka zaɓi sunan gilashi da hannu, don kowane hoto ya ɗauki gyaran da ya dace da shi. Wanda ka ɗauka a 18 da wanda ka ɗauka a 55 ba lanƙwasa ɗaya gare su ba.

Na WhatsApp kuwa, ka ware su gefe. In an tura hoto a matsayin hoto, ana matse shi kuma bayanin nan ya tafi, manhajar ba za ta san gilashin ba. Ka je ka karɓo katin.

Auwalu Kumo: Oga, in Photoshop ɗin kawai gare ka, shi ma yana yi. File, Automate, Lens Correction, ka nuna masa babban fayil ɗin ka je ka sha shayi.

Maman Ummi, Bauchi: Duk abin da Baban Khalifa ya faɗa haka yake, amma ni dai ba na sakin hotunan taro ba tare da na bi su da ido ba. Idan manhaja ta miƙe bango, gefen hoton take ja waje, sai ɗan abin da ke baki ya fita. Na taɓa yin na kamu a Yelwa, gwaggon amarya tana can ƙarshen layi. Bayan gyara bango ya yi sak, ita kuwa rabin kafaɗarta ya tafi, fuskarta ta yi faɗi kamar faifai. Da ta ga hoton cewa ta yi, "Yarinya, ni ce wannan ko wata kika samo?" Tun daga ranar na daina yarda da ɗari bisa ɗari. A ƙarƙashin Amount akwai Distortion, yana kan 100. Hoton da mutane suka cika shi baki da baki ina mayar da shi wajen rabi, wani ma in cire gyaran gaba ɗaya. Ba uwar da za ta ɗauki hoton saukar ɗanta ta tsaya auna taga.

Sannan ka duba Vignetting da ke kusa da shi. Yana haska kusurwoyi, to in ajin da duhu kuma ka ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙara hasken hoto a kyamara, nan ne tsakuwa-tsakuwar hoto za ta fito fili.

Malam na Jekadafari: Wanda ba shi da kuɗin biyan Adobe duk wata, darktable kyauta ce. Tana aiki da ma'ajiyar gilasai ta Lensfun. Ka kunna gyaran a hoto ɗaya, ka kwafe shi ka liƙa wa sauran. Canon ma suna da tasu, Digital Photo Professional, masu Nikon kuma NX Studio. Ka dai caja kwamfutarka ta cika kafin ka fara fitar da su, kun san halin wutarmu.

Alhaji Mai Fim: Yaro, ka rarrabe abu biyu. Layi ya yi baka, wannan gilashi ne. Amma ginin da ya tsuke ta sama kamar zai faɗi baya, kai ne ka ɗaga bakin kyamara. Mu da muka ɗauki hawan sallah a ƙofar fada tun ana wanke fim mun sha ganin haka. Wannan ba a yi masa gyaran taro, don kowane hoto da karkatarsa.

Baban Khalifa, Tumfure: Gaskiya ne, Baba. Wannan a Transform yake, a gwada Vertical, amma ɗaya-ɗaya.

Ɗan Bolari: Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Na yi Sync bayan isha'i, 370 sun miƙe kafin in gama cin tuwo. Hajiya Maman Ummi, kin yi gaskiya: hoton malamai a jere, na ƙarshe gefen hularsa ya fita, na mayar da Distortion ɗinsa 50. Irinsa guda tara na samu. Na karɓo katin ƙanwata kuma, ashe JPEG ta ɗauka, Lightroom bai nuna sunan gilashinta ba.

Baban Khalifa, Tumfure: Yakan faru, ma'aunan JPEG ba su kai na RAW yawa ba. Ka koma Library ka tace su da tsawon gilashi, ka tara na 18 wuri guda, ka gyara ɗaya da hannu a Manual har taga ta miƙe, ka yi musu Sync su kaɗai. Waɗanda ta zuƙo sosai ka ƙyale su haka. Wane gilashi ne a kyamarar tata?