Me ake nufi da "littafin oda ya cika sau uku"?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ina karatun tattalin arziki a Jami'ar André Salifou, an ba mu aiki kan takardun lamuni, wato takardun da gwamnati ke sayarwa don cin bashi, da Kodebuwa ta sayar a kasuwar duniya a Janairun 2024. Dala miliyar 2.6 ta karɓa, amma an ce masu zuba jari sun kawo buƙatar sama da miliyar 8, wai littafin oda ya cika sau uku. To ina sauran kuɗin suka tafi? Sannan me ya raba kupon da ribar da ake faɗa a rediyo? Kaina ya ɗaure.

Tsohon ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam ƙanena. Babu kuɗin da ya tafi ko'ina, don ba a biya su ba tun farko. Ƙasa takan ɗauki wasu manyan bankuna su jagoranci sayarwar. Su ke zagayawa da ministan kuɗi wurin masu jari a Landan da New York, sannan su buɗe littafin oda da farashin gwaji. Kowa ya rubuta nawa zai saya, a kan ruwa nawa. In littafin ya cika ya batse, sai bankunan su rage ruwan, kamar mai rago a kasuwar Dole ta Damagaram da ya ga masu taya sun yi yawa ya ƙara farashi. Daga nan a yi rabo: wanda ya nemi miliyan 50 wataƙila ya samu 15. Shi ya sa wasu ke kumbura odarsu da gangan, don haka kar "sau uku" ya ruɗe ka.

Kupon shi ne ruwan da aka rubuta a takardar. In kupon 8 ne cikin 100 amma an sayar maka takardar 100 a kan 98, ribarka ta haura 8, tunda 100 za a mayar maka ranar wa'adi.

Hajiya Zango: Malam ya yi bayani. Ƙari ɗaya: mu Nijar a kasuwar yankinmu muke cin bashi, da sefa, ta hannun UMOA-Titres, hukumar da ke shirya sayar da takardun lamunin ƙasashen yankin, galibi ta gwanjo. Can kasuwar duniya kuwa in bashin dala ne, dala ta tashi, nauyin biya na iya ƙaruwa ko da ruwan bai motsa ba.

Ɗan Birni: Allah ya saka. Hajiya, wanda ke gudun ruwa fa?

Hajiya Zango: Ɗana, nemi bayanin sukuk, wato takardun zuba jari da ake tsarawa bisa shari'ar Musulunci ba tare da ruwa ba. Senegal ta fitar da na sefa miliyar 100 a 2014, fara da wannan.