Waɗanda suka yi ido biyu da akuyar tsaunukan Turai

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa haɗuwa da akuyar tsaunin nan da ake kira shamwa ya gaya mana yadda ta yi da ta gan shi. Ni a gandun dajin ƙasa na Suwizalan na gan ta, wanda aka kafa a 1914, inda doka ta hana kowa sauka daga hanyar da aka shata. Garken mata ne da 'ya'yansu suna kiwo a gangaren dutse, kuma da suka hango mu ba su gudu ba, sai dai wata babba ta ɗaga kai, da baƙaƙen ƙahoninta masu lanƙwasa baya kamar ƙugiya, ta ƙare mana kallo, sannan ta koma kan ciyawarta.

Wani mazaunin Ostiriya:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da na gani a Tirol cikin hunturu ya sha bamban da naka, kuma har yau yana damuna. Wasu masu gudun kan ƙanƙara ne suka bar hanyarsu suka gangaro ta inda garke yake fakewa. Ɗaya daga cikin awakin ta yi wani fito mai kaifi ta hanci, sai duk suka zabura cikin dusar da ta kai musu ƙirji, suna nutsewa suna fitowa har suka ɓace. Wani mai gadin daji ya yi mini bayani cewa a wannan lokaci kitsen da suka tara da rani ne yake riƙe da su, domin abinci ya yi ƙaranci, musamman mazan, waɗanda barbarar watan Nuwamba ta riga ta ramar da su. Gudu irin wannan, in ya yawaita, yana iya sa dabba ta kasa kai wa bazara.

Wata ɗalibar nazarin dabbobi a Italiya:
Maganarka gaskiya ce, ɗan'uwa, shi ya sa ban ji haushi ba da aka ce sai na nemi izini kafin in hau kwarin Val di Rose a gandun Abruzzo, inda ake ƙayyade yawan masu shiga da rani. Irin da ke can na tsaunukan Apennine ne, kuma a farkon ƙarni na 20 'yan gommai kaɗan suka rage a duniya saboda farauta. Bayan an kare su, an kwashi wasu zuwa tsaunin Majella a 1991 da Gran Sasso a 1992, yanzu kuwa sun haura 2,000. Na zauna nesa da madubin hangen nesa ina kallon 'ya'yan da aka haifa a watan Mayu suna tsalle a bakin rami mai zurfi, uwa guda tana tsaye a kansu, sauran suna kiwo.

Wani mai hawan dutse a Faransa:
Tawa haɗuwar ba ta yi daɗi ba. Na tarar da wata shamwa ita kaɗai tana zagaye wuri ɗaya, idanunta sun yi fari, hawaye ya bushe a kumatunta. Ciwon ido ne mai yaɗuwa da kan makantar da su, wanda tumaki ma ke ɗauke da shi. Na ja da baya a hankali na sanar da masu gandun, domin wasu kan warke idan ba a firgita su sun faɗa rami ba.