A soke ɗaurin wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, ko a bar dokar yadda take?

Barista: Sashe na 231 na dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu sashe na 327 na dokar Criminal Code ne. Ghana ta soke nata hukuncin a 2023. Ni ina ganin lokaci ya yi da za mu bi sahu.

Malam: Barista, ban yarda ba. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kanku. Idan hukuma ta janye hannunta, matasa za su ɗauka abin ya yi sauƙi. Tsoron hukunci yana tare wasu.

Likita: Allah gafarta Malam, haramcin ba wanda ya taɓa shi. Amma wanda ciwon damuwa ya kai shi wannan matsayi ba ya lissafin kurkuku. Iyalinsa ne ke lissafawa. Yaro ya sha guba, sai a kulle ƙofa don kada maganar ta kai ga 'yan sanda, a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Nan ake rasa shi, domin aman da manjan suna sauka cikin huhu. Abin yi shi ne kada a ba shi komai ta baki, a cire kayan da maganin ya jiƙa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti tare da kwalbar, don likita ya san maganin da zai karya gubar. Ko ya farfaɗo kada a matsa a sallame shi, wasu magungunan ƙwari suna dawowa su kama numfashi bayan kwana ɗaya zuwa huɗu.

Malam: To mutum nawa aka taɓa ɗaurewa a kan wannan sashe? Da wuya a ji. Ina cutarwar take?

Barista: A barazanar take, Malam. Ita ke sa a rubuta "haɗari" a katin asibiti, shi ya sa alƙaluman ƙasar ba sa nuna gaskiya, kuma abin da ba a ƙidaya ba, ba a ware masa kuɗi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta kawar da tsohuwar ta 1958, amma ba ta taɓa waɗannan sassa ba.

Hajiya, jami'ar aikin gona: Ku yi haƙuri, duk kun tare a kotu kun bar shagon maganin feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta haka duk shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari ne. Sri Lanka ta haramta mafi muni daga cikinsu, tsakanin 1995 da 2015 mace-macen suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100, noma kuma bai faɗi ba. Dalilin shi ne sau da yawa ƙuncin na mintuna ne ko awanni. Idan gubar ba ta kusa da hannu, sai ƙuncin ya wuce mutum na raye. Mu kuwa ragowar feshi na nan a ƙarƙashin gado, wani ma a robar lemo. A sayi daidai buƙata, a bar shi cikin mazubinsa, a kulle a wajen ɗakin kwana.

Likita: Gaskiyarki, Hajiya, sai dai ɗaya ba ya hana ɗaya. Kuma a daina tsoron tambaya. Ka ce wa mutum kai tsaye, "Kana tunanin kashe kanka?" Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin. Idan ya ce eh, a tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi. In ya tsara, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da makamai, a kai shi asibiti ranar: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, na tarayya a Maiduguri, ko sashen gaggawa mafi kusa.

Nas: Inda aka fi tuntuɓe bayan sallama ne. Maganin damuwa yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin a ga alama, sai dangi su ce bai yi ba su ajiye. Ko an ji sauƙi, ana ci gaba da sha wata tara zuwa goma sha biyu. Wani babba a gida ya riƙe maganin, a riƙa karɓo kaɗan-kaɗan, kuma a wata biyun farko ma'aikacin lafiya ya riƙa tuntuɓarsa duk mako.

Malam: Zuwa asibiti na goya baya ɗari bisa ɗari, addu'a ba ta hana magani. Amma sokewa kawai ban gamsu ba. A musanya ɗaurin da umarnin kotu na a yi masa magani.

Barista: Jihar Legas ta yi kusan haka a dokarta. Matsalar, Malam, har yanzu sai an bi ta hannun ɗan sanda kafin a isa ga alƙali, kuma ɗan sandan ne iyaye ke gudu tun farko.